Wankin ƙoda: Me ya sa ma'aikatan jinya ke fara aiki tun da asuba?

A Amurka, ma'aikatan jinya da ke aiki a cibiyoyin wankin ƙoda na daga cikin ma'aikatan lafiyar da suka fi kowa sammako. Galibinsu kan kama aiki ne tsakanin ƙarfe 4:30 zuwa 6:00 na safe, su kuma shafe sa'o'i 10 zuwa 12 kafin su tashi.

Dalilin wannan sammako shi ne lissafi. Kowane mara lafiya na buƙatar kimanin sa'o'i huɗu a kan na'ura, sau uku a mako, har iya rayuwarsa, sai fa in ya samu dashen ƙoda. Kujerun da ke cikin cibiya kuwa ƙidayayyu ne, don haka tilas a zaunar da mutum biyu ko uku a kan kujera guda a yini ɗaya, wani bayan wani.

Amurka na da mutane fiye da 500,000 da ke rayuwa da wankin ƙoda, da kuma cibiyoyi fiye da 7,000 da ke yin wannan aiki. Fiye da kashi biyu cikin uku na cibiyoyin suna hannun kamfanoni biyu ne, wato DaVita mai hedkwata a birnin Denver, da Fresenius Medical Care na ƙasar Jamus. Wannan ya sa tsarin lokutan aikin ya yi kama da juna daga wannan jiha zuwa waccan.

Me ya sa sai sa'o'i huɗu?

Aikin ƙoda shi ne tace jini dare da rana, ta fitar da datti da ruwan da ya yi wa jiki yawa ta hanyar fitsari, ta kuma daidaita gishiri da sauran sinadarai. Idan ƙodar ta gaza baki ɗaya, wanda ciwon suga da hawan jini ne suka fi jawo hakan, sai dattin da ruwan su taru a jiki.

A wajen wankin, akan soka allurai biyu a wata jijiya da likita ya riga ya shirya a hannun mara lafiya. Ɗaya tana jan jini zuwa matatar da ke jikin na'ura, ɗayar tana mayar da shi bayan an tace. Jinin da ke zagayawa yakan kai mililita 300 zuwa 500 a minti guda.

To amma aikin da lafiyayyar ƙoda ke yi cikin sa'o'i 168 na mako, ita na'ura tana ƙoƙarin yin wani sashe nasa ne cikin sa'o'i 12 kacal. Mara lafiya kan zo da ruwa lita biyu ko uku, wani lokaci ma fiye, wanda ya taru a jikinsa tun wankin baya. Idan aka janye wannan ruwa da gaggawa, jininsa kan yi ƙasa, jiri ya ɗebe shi, tsokar ƙafa ta ɗaure, zuciya kuma ta galabaita.

Likitoci da yawa na kaffa-kaffa da janye abin da ya wuce mililita 13 a sa'a guda a kan kowane kilo na nauyin mutum. Ga mai nauyin kilo 70, wannan bai kai lita ɗaya ba a sa'a. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ba ta da ikon gajarta lokacin da likita ya rubuta don ta samu ta tashi da wuri.

Lissafin kujeru

Marasa lafiya kashi biyu ne. Kashi na farko na zuwa ranakun Litinin da Laraba da Juma'a, na biyu kuma Talata da Alhamis da Asabar. Yawancin cibiyoyi a rufe suke ranar Lahadi.

A kowace rana kuma akan raba masu zuwa rukuni biyu ko uku. A misali, cibiya mai kujeru 20 da ke ɗaukar rukuni biyu a rana za ta iya kula da mutum 80 a mako. Idan ta ƙara rukuni na uku, adadin ya zama 120, ba tare da an sayi ƙarin na'ura ko guda ba.

Idan rukunin farko ya hau na'ura da ƙarfe 6:00 na safe, zai sauka da misalin 10:00. Sai a share wuri, a shirya na'urori, rukuni na biyu ya hau da wajen 10:45, ya sauka gab da ƙarfe 3:00 na rana. Na uku zai hau da misalin 3:30, ya sauka da 7:30 na dare. Kafin a wanke na'urori, a kammala rubuce-rubuce, a rufe ƙofa, ƙarfe 8:30 ko 9:00 ta yi.

Da a ce da ƙarfe 8:00 na safe aka fara, kamar yadda ake yi a ofisoshi, da rukunin ƙarshe bai sauka ba sai 9:30 na dare, ma'aikata kuma su kai kusan 11:00. Marasa lafiyar da yawansu tsofaffi ne, wasu kuma motocin jigilar majinyata ne ke kawo su su mayar da su gida.

Akwai kuma marasa lafiyar da su da kansu suke neman kujerar asuba, ko dai don su wuce wajen aikinsu daga nan, ko kuma don su samu sauran yinin su huta, saboda kasalar da ke biyo bayan wanki kan ɗauki sa'o'i kafin ta saki mutum.

Aikin da ake yi kafin kowa ya zo

Ma'aikacin da ke buɗe cibiya shi ne ya fi kowa sammako, kuma sau da yawa ɗaya ne daga cikin mataimakan jinya da aka horar a kan sarrafa na'urorin. Yakan iso da ƙarfe 4:00 ko 4:30, ya nufi ɗakin tace ruwa kai tsaye.

Ruwa ne ginshiƙin wannan aiki. A zama ɗaya na sa'o'i huɗu, ruwan wanki lita 120 ko fiye ne ke gilmawa ta gefen jinin mara lafiya, ba abin da ya raba su sai wani siririn tantani. Abin da cikin mai lafiya zai iya jurewa a ruwan famfo, a nan yana iya shiga jini kai tsaye.

Sinadarin kulorin da dangoginsa, waɗanda hukumomin ruwa ke zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini idan suka tsallake matata. Don haka ƙa'ida ta tanadi a kunna injin tace ruwa ya yi aiki na aƙalla minti 15, sannan a auna, a tabbatar kulorin bai wuce miligiram 0.1 a lita guda ba. Ana maimaita wannan awo kafin kowane rukuni, ko kuma duk bayan sa'o'i huɗu.

An ga illar gurɓataccen ruwa a shekarar 1996 a garin Caruaru na ƙasar Brazil, inda gubar wasu ƙwayoyin halitta da ke tsirowa a tafki ta shiga ruwan wata cibiyar wankin ƙoda, mutum fiye da 50 suka rasu.

Bayan ruwa sai na'urori. Kowace sai ta gwada kanta, an ɗaura mata sababbin robobi da matata, an kora iskar da ke ciki da ruwan gishiri, an kuma auna haɗin ruwan wankin.

Ita ma'aikaciyar jinya mai rajista takan iso da wajen ƙarfe 5:00 ko 5:30. Ƙa'idojin gwamnatin tarayyar Amurka da aka sabunta a shekarar 2008 sun wajabta kasancewar ma'aikaciyar jinya mai rajista a cikin cibiya a duk lokacin da ake yi wa wani wanki. Ma'ana, ba a ɗora mutum na farko sai ta zo, ba ta kuma tafiya sai na ƙarshe ya sauka, ko wata ta karɓe ta.

Yadda yinin ke tafiya

Ba a ɗora marasa lafiya a lokaci guda. Akan ba kowa lokacinsa, da tazarar kamar minti 15 tsakanin wannan da wancan, domin mataimaki ɗaya ne ke kula da mutum uku ko huɗu. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya takan sa ido a kan mutum 10 zuwa 12, gwargwadon jiha da kuma cibiya.

Da zuwan mara lafiya sai ya hau sikeli, a ga yawan ruwan da ya tara. A auna jininsa da zafin jikinsa, ma'aikaciyar jinya ta saurari ƙirjinsa, ta duba kumburin ƙafa, ta tambaye shi ko ya faɗi, ko ya zubar da jini, ko ya kwana asibiti tun zuwansa na baya. Ita ce ke ba da magunguna, kamar maganin hana jini daskarewa a cikin robobi, da allurar ƙara jini, da sinadarin ƙarfe. Ita ce kuma ke kiran likita idan wani abu ya taso, domin likitan ba ya zama a cibiyar kullum.

Muddin mutum na kan na'ura, akan auna jininsa duk bayan minti 30. Ana kuma so hannun da aka soka allura ya zama a buɗe, ba a rufe shi da bargo ba. Idan allurar da ke mayar da jini ta zame ba a lura ba, na'ura na iya ci gaba da turo jini waje, alhali duk jinin da ke jikin baligi bai wuce kimanin lita biyar ba.

Lokacin da ya fi kowane wahala shi ne na canjin rukuni, wato daga wajen ƙarfe 9:30 zuwa 11:30 na safe. A wannan tsakani ne ake mayar wa na farko jininsu, a zare allurai, a danne wurin kamar minti goma har jini ya tsaya, a sake auna su, a kwashe robobin da aka yi amfani da su, a goge kujera da na'ura da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗaura sababbin kaya, alhali rukuni na biyu na zaune a waje suna jira.

Mutum ɗaya da jininsa ya ƙi tsayawa, ko wanda ya yi latti, ko na'ura guda da ta ƙi tashi, sun isa su ja duk sauran yinin baya. Hutun cin abinci na ma'aikata yakan faɗo ne a tsakiyar zaman rukuni, lokacin da kowa ya hau na'ura, don haka wanda ya fara aiki da ƙarfe 5:00 yana iya cin abincin ranarsa tun kafin hantsi ya dubi ludayi.

Akwai ƙarin ƙa'ida game da masu ciwon hanta nau'in B. Ana yi musu wanki a ɗaki na daban da na'ura ta daban, kuma ma'aikacin da ke kula da su ba ya taɓa marasa lafiyar da ba su da rigakafin cutar a wannan zama. Wannan ma sai an yi la'akari da shi wajen raba aiki.

Kwana nawa a mako?

Tsari biyu ne suka fi yawa. Akwai masu yin kwana huɗu a mako, sa'o'i 10 kowace rana, misali daga 5:30 na safe zuwa 4:00 na yamma idan an haɗa da hutu. Akwai kuma masu yin kwana uku, sa'o'i 12 ko 13 kowace rana, waɗanda sukan bi rukuni ɗaya na marasa lafiya, kamar na Litinin da Laraba da Juma'a.

A cibiyar da ke ɗaukar rukuni uku, yinin kan kai sa'o'i 16, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai a raba ma'aikata biyu: masu buɗewa da asuba, da masu rufewa waɗanda ke zuwa da hantsi, wajen ƙarfe 9:00 ko 10:00, su kai dare. Akan tsara zuwan nasu ya dace da canjin rukuni na farko, lokacin da aka fi buƙatar hannuwa. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci kuwa, yakan faru mutum ɗaya ya buɗe ya kuma rufe.

Ranar Asabar ranar aiki ce, kuma galibi karɓa-karɓa ake yi, wannan mako kai, mako mai zuwa wani. Abin da ke jan ma'aikatan jinya da yawa zuwa wannan fanni shi ne babu aikin kwana, babu na Lahadi, sannan sukan san marasa lafiyarsu ciki da waje, tunda mutum ɗaya kan yi shekaru yana zuwa sau 156 a shekara.

Idan babban biki kamar Kirsimeti ko sabuwar shekara ya faɗo a ranar wanki, ba a soke zaman. Akan matsar da jadawalin makon ne, a buɗe ranar Lahadi a madadin ranar bikin.

Ta fuskar albashi, dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 ta tanadi a biya mai aikin awa ninki ɗaya da rabi a kan duk sa'ar da ta haura 40 a mako.

Litinin da Talata

Tsarin sau uku a mako ya bar wani giɓi. Wanda ya sauka daga na'ura da ƙarfe 10:00 na safiyar Litinin zai dawo da 6:00 na safiyar Laraba, wato bayan sa'o'i 44. Amma daga Juma'a zuwa Litinin sa'o'i 68 ne. Haka abin yake ga 'yan Asabar da ke dawowa Talata.

A cikin wannan dogon giɓi ruwa ya fi taruwa, sinadarin fotasiyam kuma ya fi hawa a jini, wanda yawansa kan rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita.

A shekarar 2011 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da Robert Foley da abokan aikinsa suka yi a kan marasa lafiya 32,065 a Amurka. Sun gano cewa mace-mace sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan dogon giɓin: 22.1 a cikin kowane mutum 100 a lissafin shekara, idan aka kwatanta da 18.0 a sauran ranaku. Kwanciya asibiti saboda matsalar zuciya ma ta fi yawa a wannan rana.

Saboda haka safiyar Litinin da ta Talata su ne mafiya nauyi ga ma'aikatan jinya. Marasa lafiya sukan zo da kumburi da haki, ruwan da za a janye ya fi yawa, yiwuwar kiran motar asibiti ma ta fi yawa.

Masu aiki a asibiti, da gida, da dare

Duk abin da aka bayyana a sama ya shafi cibiyoyin da mutum ke zuwa daga gida ya koma ne. Akwai wasu rassa uku na aikin da lokutansu suka bambanta.

Na farko su ne masu yi wa waɗanda aka kwantar a asibiti wanki. Sukan fara da wajen ƙarfe 6:00 ko 7:00 na safe, amma lokacin tashinsu ba shi da tabbas, domin sai an gama da duk wanda likita ya rubuta wa wanki a ranar. Ga wanda ke cikin mawuyacin hali, ma'aikaciya ɗaya ce ke tura na'ura zuwa bakin gadonsa, ta zauna da shi har a gama. Yinin sa'o'i 14 ko 16 ba baƙon abu ba ne a wannan reshe.

Su ne kuma ke zaman ko-ta-kwana da dare da ƙarshen mako. Idan aka kawo wanda ruwa ya cika wa huhu, ko fotasiyam ɗinsa ya hau, ko ya sha wata guba da na'ura ke iya cirewa, za a kira mai jiran kira ko da ƙarfe 2:00 na dare ne.

Na biyu su ne masu koyar da wanki a gida, ko dai da ƙaramar na'ura, ko ta hanyar zuba ruwan wanki a cikin ciki ta wata roba, inda tantanin cikin mutum ke yin aikin matata. Waɗannan lokacin ofis suke bi, Litinin zuwa Juma'a, kamar daga 8:00 na safe zuwa 5:00 na yamma, sai dai sukan riƙe waya bi da bi don amsa kiran marasa lafiya da dare.

Na uku su ne masu aikin dare a 'yan cibiyoyin da ke yin wankin kwana. Mara lafiya kan hau na'ura da wajen ƙarfe 8:00 ko 9:00 na dare, ya yi barci, ya sauka bayan sa'o'i shida zuwa takwas. Da yake a hankali ake janye ruwan, jiki ya fi jurewa. Cibiyar garin Tassin da ke kusa da Lyon a Faransa ta yi suna a kan wankin sa'o'i takwas sau uku a mako, da kuma daɗewar da marasa lafiyarta ke yi a raye.

Yadda aka faro

Likita Willem Kolff ne ya ƙera na'urar wankin ƙoda ta farko da ta yi aiki, a garin Kampen na ƙasar Holand a shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 aka samu mara lafiya ta farko da na'urar ta ceto. Sai dai a lokacin, kowane wanki na lalata jijiya, don haka ba a iya maimaita shi sau da yawa.

A shekarar 1960 Belding Scribner na birnin Seattle a Amurka ya samar da wata roba da ake bari a hannun mara lafiya, wadda ta ba da damar yin wanki a kai a kai. A 1962 aka buɗe cibiyar farko ta masu zuwa daga gida a wannan birni, da gadaje uku kacal, kuma ma'aikatan jinya ne ke gudanar da wankin. Gadajen sun yi ƙaranci har sai da aka kafa kwamitin da ke zaɓar wanda za a ɗauka.

A wancan zamani zama ɗaya kan ɗauki sa'o'i goma ko fiye, galibi da dare. Wato aikin ma'aikatan jinyar wankin ƙoda na farko aikin kwana ne.

Abubuwa uku ne suka mayar da shi aikin asuba. A 1966 likitoci James Cimino da Michael Brescia suka fito da dabarar haɗa jijiyoyi biyu a ƙarƙashin fata, wadda ake amfani da ita har yau. Matatu suka inganta, lokacin zama ya ragu zuwa sa'o'i huɗu. Sannan a 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta sa shirin inshorar lafiya na Medicare ya ɗauki nauyin kusan duk Ba'amurken da ƙodarsa ta gaza, wadda ta fara aiki a 1973. Marasa lafiya suka ƙaru matuƙa, kuma da yake a kan kowane zama ake biyan cibiya, sai cika kujera sau biyu ko uku a yini ya zama tsarin da kowa ke bi.

Gajiya da taƙaddama

Doguwar tsayuwa na da nata haɗarin. Wani bincike da Ann Rogers ta Jami'ar Pennsylvania ta jagoranta, wanda aka buga a 2004, ya bi diddigin ma'aikatan jinya 393 na asibitoci daban-daban, ya gano cewa yiwuwar yin kuskure ta ninka kusan sau uku idan zangon aiki ya kai sa'o'i 12 da rabi ko fiye.

Ga mai kama aiki da ƙarfe 5:00, tashi daga barci da 3:30 ke nan, wanda kan zama matsala ga masu ƙananan yara, domin wuraren renon yara da ke buɗewa a wannan lokaci ba su da yawa.

Jihohi ƙalilan ne a Amurka suka ƙayyade yawan marasa lafiyar da ma'aikaci ɗaya zai kula da su a cibiyar wankin ƙoda. A 2017 an gabatar da ƙuduri a majalisar dokokin jihar Kalifoniya da ke neman ma'aikaciyar jinya ɗaya ga mutum takwas, mataimaki ɗaya ga mutum uku, da tazarar minti 45 tsakanin mai sauka da mai hawa kujera. Ƙungiyoyin ƙwadago sun ce hakan zai rage kamuwa da cututtuka da kurakurai. Masu cibiyoyi da wasu ƙungiyoyin likitoci da na marasa lafiya kuwa sun ce zai tilasta a rage rukunai, wasu su rasa kujera. Ƙudurin bai zama doka ba.

Daga baya an kai wa masu zaɓe na jihar wasu shawarwari uku kan cibiyoyin wankin ƙoda, a 2018 da 2020 da 2022, duka suka yi watsi da su.

Birtaniya da Najeriya

Wannan batu ya shafi ma'aikatan jinya 'yan Najeriya kai tsaye, domin ƙasar na cikin uku da suka fi tura ma'aikatan jinya Birtaniya a shekarun baya-bayan nan, tare da Indiya da Filifins, wasu kuma Amurka suke nufa.

A Birtaniya sammakon bai kai na Amurka ba. Sassan wankin ƙoda kan buɗe da wajen ƙarfe 7:00 na safe, su ɗauki rukunin safe da na rana da na maraice, na ƙarshen ya kai su ƙarfe 11:00 na dare ko kusa da haka. Cikakken aiki a hukumar lafiya ta NHS a Ingila sa'o'i 37 da rabi ne a mako, kuma dokar lokutan aiki ta 1998 ta tanadi hutun sa'o'i 11 tsakanin tashi daga aiki da komawa.

A Najeriya an fara wankin ƙoda na dindindin ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. A arewa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya yi dashen ƙodarsa na farko a 2002, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri suna cikin manyan wuraren da ake wannan aiki.

Sai dai abin da ke tsara lokacin aiki a nan ya sha bamban. Mafi yawan marasa lafiya daga aljihunsu suke biya, kuma ƙalilan ne ke iya jure sau uku a mako. Da yawa sukan zo ne ranar da kuɗi suka samu, ko ranar da jiki ya rikice, don haka aikin ya fi kama da na gaggawa, ga kuma batun wutar lantarki da ruwa da kayan aikin da ake sayowa daga waje. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Maiduguri da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare.

Duk inda marasa lafiya suka samu halin zuwa sau uku a mako, kujeru kan cika, sai a ƙara rukuni na biyu da na uku, lokacin buɗe ƙofa kuma ya riƙa matsowa zuwa asuba. Mai shirin shiga wannan fanni zai amfana idan ya tambayi abubuwa huɗu tun kafin ya karɓi aiki: rukuni nawa cibiyar ke ɗauka a yini, ƙarfe nawa ake ɗora mutum na farko, marasa lafiya nawa ne a hannun ma'aikaci ɗaya, sannan dare nawa ne a wata zai yi yana jiran kira.